Nazarin Lamari: Bishiyar Mapul da Ke Fama da Ƙishirwa Alhali Saiwarta na Cikin Ruwa

Bishiyar da ake magana a kanta mapul ce ta Japan, wadda masana tsirrai ke kira Acer palmatum, daga nau'in 'Bloodgood' mai jan ganye da ya yi duhu har ya kusa komawa shunayya. An dasa ta a wani ƙaramin lambun gida, a yankin da ake yin hunturu na gaske, wanda itatuwa ke zubar da ganye, sannan a yi lokacin zafi mai ɗan tsanani. Dole a fara da yanayi, domin asalin wannan itace Japan ne da Koriya da wani ɓangare na ƙasar Sin, inda take tsirowa a gindin manyan itatuwan daji, kuma sai ta sami makonni na sanyi ta yi barci kafin ta sake toho da kyau. A taswirar sanyi ta ma'aikatar gona ta Amurka, yawancin nau'o'inta suna tsakanin shiyya ta 5 da ta 8. Inda babu hunturu ba ta yin ƙarko, komai kulawar da aka ba ta.

A nan yanayin ya dace da ita. Amma shekara uku bayan dashe, bakin ganyayenta ya ƙone ya naɗe, ƙananan rassan sama sun bushe, jan launin da aka saye ta dominsa ya koma ruwan ƙasa mai ratsin kore. Mai lambun yana ba ta ruwa kullum, ya kuma zuba mata taki sau biyu a shekarar, abin sai gaba yake yi.

Yadda aka dasa ta

Lokacin saye tsawonta mita ɗaya da rabi ne, kaurin gangarta kamar santimita 3, tana cikin tukunyar roba mai cin lita 20. Ƙasar lambun yumɓu ce mai nauyi. An haƙa rami mai zurfin santimita 60 da faɗin santimita 45, aka zuba tsakuwa santimita 10 a ƙasa da nufin ruwa ya riƙa tsiyayewa, aka ɗora ruɓaɓɓen taki kamar santimita 20 a kai, sannan aka zaro bishiyar daga tukunya aka ajiye ta yadda take, ba a taɓa dunƙulen saiwar ba. Aka cike gefe da taki da ƙasar shuka da ake sayarwa a leda. Daga ƙarshe aka tula ɓawon itace a jikin gangar, tulin ya kai santimita 15.

Wurin kuwa tsakiyar ciyawar ado ne, mita ɗaya da rabi daga wani farin bango mai fuskantar yamma. Na'urar yayyafi da ke shayar da ciyawar tana jiƙa gindin bishiyar kowace safiya, kuma takin ciyawa mai yawan naitirojin da ake watsawa yana sauka har wajenta.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan matakai an yi shi ne da kyakkyawar niyya, kuma kusan kowane ɗaya kuskure ne.

A shekarar farko ba a ga komai ba. Haka abin ya saba: bishiya tana cin ajiyar da ta zo da ita daga wurin raino, saiwarta kuma ba ta riga ta ci karo da bangon yumɓu ba. A shekara ta biyu, da zafi ya kankama, bakin ganyaye ya fara ƙonewa, musamman a ɓangaren bango. Aka ƙara ruwa. A ta uku ta yi jinkirin toho, ganyen ya fito ƙanana, sabon tsiron rassa bai wuce santimita 4 ba, kuma tun kafin kaka ta zubar da kusan sulusin ganyenta.

Abin da ƙonewar ganye ke nufi

Ganyen mapul na Japan siriri ne, a yayyage kamar tafin hannu mai yatsu biyar zuwa tara. Daga wannan siffa sunan palmatum ya fito, wanda masanin tsirrai ɗan Suwidin Carl Peter Thunberg ya ba ta a ƙarni na 18. Bakin ganye da tsinin yatsun su ne ƙarshen hanyar ruwa. Idan ganye yana fitar da tururi fiye da abin da saiwa ke turowa, nan ne ke fara mutuwa. Don haka ƙonewar baki tana faɗin abu ɗaya tak: ruwa ba ya isa ganye. Ba ta faɗin dalili.

Busasshiyar ƙasa dalili ɗaya ce daga cikin da yawa. Iska mai zafi da zafin da bango ke mayarwa suna ƙara wa ganye bukata. Gishirin takin zamani idan ya taru yana hana saiwa jan ruwa. Toshewar hanyoyin ruwa a cikin itace tana kawo alama iri ɗaya. Wanda ya fi ruɗa mutane shi ne jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ƙananan saiwoyi masu kama da gashi, waɗanda su ne ke shan ruwa, suna numfashi da iskar da ke cikin ƙofofin ƙasa. Idan ruwa ya cike ƙofofin kwanaki a jere, sai su shaƙe su mutu. Bishiya na tsaye cikin taɓo tana jin ƙishirwa, mai ita ya ga ganye ya bushe ya ƙara mata ruwa, ya kashe ragowar saiwar.

Bincike

An fara da abin da ya fi muni, wato cutar Verticillium. Fangas ne da ke zaune a ƙasa, yawanci Verticillium dahliae, yana shiga ta saiwa ya hau hanyoyin ruwa ya toshe su, kuma mapul na cikin itatuwan da ya fi kamawa. Ba shi da magani, ƙwayoyinsa kuma suna iya zama a ƙasa fiye da shekara goma. Alamarsa ita ce reshe guda, ko ɓangare guda na bishiya, ya yi yaushi farat ɗaya, ganyen ya bushe yana rataye. Tunda wannan bishiya ta fi lalacewa a gefe ɗaya, zargin yana da tushe.

An yanki rassa uku masu kaurin yatsa daga ɓangaren da ya fi muni, waɗanda suke yaushi amma ba su mutu ba, aka fere ɓawon, aka kuma yanka su a karkace. Ana neman ratsi kore mai duhu ko ruwan ƙasa a cikin farin itacen da ke ƙarƙashin ɓawo. Ana yankan kusa da tushen reshe, saboda ratsin ya fi bayyana ƙasa da inda yaushin yake. Dukkan ukun farare ne tas. Rashin ratsi bai isa hujja shi kaɗai ba, don haka aka aika guntaye masu tsawon santimita 15 zuwa 20 ɗakin gwajin cututtukan tsirrai, sakamako ya dawo babu fangas ɗin. Tsakanin kowane yanka ana goge almakashi da sifirit mai ƙarfin kashi 70.

Sauran zarge-zargen ba su ɗauki lokaci ba. Sanyin da ke dawowa bayan toho yana baƙanta sabon ganye ya yi laushi, kuma a farkon shekara ake ganinsa, ba a tsakiyar zafi ba. Maganin kashe ciyawa yana murɗe ganye ya lanƙwasa shi kamar cokali, babu wannan a nan. Ma'aunin tsamin ƙasa ya nuna pH 6.4, yana cikin abin da mapul ke so, wato tsakanin 5.5 da 6.5.

Sai aka koma gindi. Lafiyayyar bishiya gangarta tana buɗewa kafin ta shiga ƙasa, inda manyan saiwoyi na farko ke rabuwa, kamar kafaɗa. Wannan kuwa ta shige ƙasa sambal kamar an kafa turke. Aka kwashe tulin ɓawon, aka ga jikin gangar a jiƙe, ya yi duhu, ƙananan saiwoyi sun tsiro cikin tulin suna zagaye ta. Aka ci gaba da tonawa da hannu da ƙaramin cokalin lambu, don kada a ji wa ɓawo rauni. A santimita 4 aka ci karo da kumburin aure. Kusan duk mapul mai sunan nau'i, irin su 'Bloodgood', ɗan aure ne, an ɗora reshen nau'in a kan gindin da aka shuka daga iri, kuma mutane da yawa suna ɗaukar wannan kumburi a matsayin kafaɗar saiwa, su tsaya a nan. Ainihin kafaɗar sai a santimita 12 aka same ta.

Lissafin bai da wuya. Kamar santimita 5 daga wurin raino ta zo da su, domin duk lokacin da aka sauya mata tukunya ana ƙara ƙasa a sama. Sauran 7 kuwa takin da aka shimfiɗa a ƙarƙashinta ne ya ruɓe ya sauka, ita ma ta nitse da shi, aka riƙa cike gurbin.

A dab da kafaɗar akwai saiwa mai kaurin ɗan yatsa da ta naɗe kusan rabin gangar, ta fara nitsewa cikin ɓawo, a daidai gefen da rassa suka fi bushewa. Irin wannan saiwa a tukunya take koyon zagaye, idan ba a yanke ta ko an miƙe ta ranar dashe ba haka za ta ci gaba. Ita tana kauri, ganga tana kauri, har ta shaƙe hanyoyin da ke kai ruwa sama da masu saukar da abinci ƙasa. Ga dalilin lalacewar gefe ɗaya.

Ƙasa da nan ƙasar tana wari mai tsami, ƙananan saiwoyin sun yi baƙi, fatarsu tana saɓulewa idan an ja. Amma da aka kankare ɓawon kafaɗar kaɗan da farce, cikinsa fari ne mai ɗan kore. Da ya yi ja mai duhu da an ce Phytophthora, cutar da ke ruɓar da saiwa, ta kai ga ganga, da kuwa ba sauran abin ceto.

Gwajin tsiyayar ruwa ya rufe maganar. Aka haƙa rami mai zurfin santimita 30 a gefe, aka cika shi da ruwa aka bari ya shanye, washegari aka sake cikawa ana aunawa. Ƙasar da ta dace tana sauke santimita 2.5 zuwa 5 a awa. Wannan santimita 1 take saukewa.

A irin wannan yumɓu, ramin da aka cika da taki mai laushi ya zama randa. Ruwan yayyafi da na sama yana shiga cikin sauƙi, ba ya samun mafita. Tsakuwar da aka zuba ba ta da inda za ta kai ruwan, tunda yumɓu ne a ƙarƙashinta da kewayenta. Bugu da ƙari, ruwa ba ya sauka daga ƙasa mai laushi zuwa tsakuwa sai ta saman ta cika ta ƙoshi, don haka tsakuwar ma ɗaga jiƙar ta yi zuwa inda saiwa take. Wannan shawara ta zuba tsakuwa a gindin rami ta daɗe tana yawo, kuma ya kamata a ce an binne ta tuntuni.

Abin da aka yi nan take

Ana tsakiyar zafi, bishiya na da ganye, ba lokacin tumɓuke ta ba ne. Aka kashe kan na'urar yayyafi da ke kai mata, aka daina taki kwata-kwata. Aka bar kafaɗar a buɗe, aka fafe ƙasar kewaye ta yi gangare mai faɗi. Ƙananan saiwoyin da suka tsiro sama da kafaɗa aka aske su. Babbar mai naɗewar aka yanke ta a wuri biyu da ƙaramin zarto, a inda ta taso da inda ta rabu da ganga. Ɓangaren da ya riga ya manne da ɓawo ba a ɓamɓare shi da ƙarfi ba, an bar shi ya bushe ya faɗi da kansa. An yi sa'a saiwar ba ta kai sulusin kaurin gangar ba. Da ta fi haka, yanke ta gaba ɗaya a cikin zafi zai iya raba bishiyar da ruwan da ya rage mata, sai dai a jira hunturu.

Ban ruwa ya koma bisa gwaji: a cusa yatsa santimita 5 zuwa 8, idan da laima a bari. Aka kafa ragar inuwa a ɓangaren yamma. Busassun rassa kawai aka cire, ƙonannun ganyaye kuwa aka ƙyale su, domin duk ganyen da ke da sauran lafiya a tsakiyarsa yana ci gaba da haɗa abinci.

Sauya wuri

Bayan ganye ya gama zuba a ƙarshen kaka, ƙasa ba ta daskare ba, aka ɗauke ta. Ka'idar da masu raino ke bi ita ce dunƙulen saiwa mai faɗin santimita 25 zuwa 30 ga kowane santimita 2.5 na kaurin ganga. Gangar ta kai 4, don haka aka yanko dunƙule mai faɗin kusan santimita 50. Da aka ɗago shi sai aka ga har yanzu siffar tukunya gare shi, saiwoyi ƙalilan ne suka yi ƙoƙarin shiga yumɓun cikin shekara uku. Aka wanke gefe da ruwa a hankali, aka datse ruɓaɓɓun har inda ciki ya yi fari, masu zagaye kuma aka miƙe waɗanda suka yarda, aka yanke waɗanda suka ƙi.

Sabon wurin yana gabashin gida, rana tana samunsa daga safe zuwa kusan tsakar rana, shinge kuma ya kare shi daga iska. An ba ta mita 3 daga bango, saboda 'Bloodgood' tana kai mita 4.5 zuwa 6 idan ta girma, faɗinta ma kusan haka. Aka cire ciyawa a da'ira mai faɗin mita 2, aka sassauta ƙasar duka da cokali mai yatsu, aka gauraya niƙaƙƙen ɓawon itace a faɗin wurin gaba ɗaya, kamar kashi ɗaya cikin huɗu, ba a cikin rami kaɗai ba. Sannan aka yi tudu mai tsawon santimita 20 mai gangarowa a hankali. Dunƙulen ya zauna a kan ƙasa mai tauri da ba a tona ba, don kada ya sake nitsewa, kafaɗar tana santimita 3 sama da fuskar tudun.

Aka shimfiɗa ɓawon itace mai kaurin santimita 5 zuwa 7, aka bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da ganga. An ɗaure ta da turaku biyu gajeru, da zare mai faɗi mai laushi, sako-sako yadda kan zai iya motsi, aka kuma kwance bayan shekara guda. Tudu yana saurin bushewa fiye da shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, wannan shi ne farashinsa. A makonnin zafi da babu ruwan sama tana shan lita 20 zuwa 25 sau ɗaya ko biyu a mako, a zuba a hankali a kan dunƙulen da kewayensa.

Ba a rage mata rassa don a daidaita da saiwar da ta rasa ba. Idanun toho na ƙarshen rassa su ne ke aika sinadarin da ke sa saiwa ta tsiro, kuma mapul tana zubar da ruwan jiki sosai idan an yanke ta a ƙarshen hunturu ko farkon toho. Gyaran siffa sai a ƙarshen zafi ko a tsakiyar barcinta, kuma kada a wuce kashi ɗaya cikin biyar na rassan a shekara.

Yadda ta kasance

Shekarar farko a sabon wuri ba ta burge kowa ba: ganye kaɗan, tsiro santimita 6 zuwa 8, ɗan ƙonewa a makonnin da suka fi zafi. Amma babu sabon reshen da ya mutu, kuma ta riƙe ganyenta har kaka. A shekara ta biyu tsiron ya kai santimita 20, ganyen ya dawo girmansa. Wani reshe mai koren ganye ya ɓullo ƙasa da kumburin aure, aka cire shi tun yana ƙarami. Na gindin iri ne, ya fi ƙarfi, idan aka bar shi zai mamaye jan.

Launin ma ya dawo. Jan ganyen mapul daga sinadarin antosayanin yake, wanda ke rufe koren da ke ƙarƙashinsa. Haske ke sa a samar da shi, shi ya sa jar mapul a cikin inuwa mai duhu take komawa kore. Tsananin zafi, musamman idan dare ma bai huce ba, yana rage shi, yawan naitirojin kuma yana tura bishiya ga dogayen rassa masu laushi da koren ganye. A tsohon wurin zafi da taki sun haɗu mata. Ko a wuri mai kyau ba laifi ba ne jan ya ɗan dusashe a ƙarshen zafi kafin kaka ta mayar da shi ja wur, kuma an san 'Bloodgood' da riƙe launi fiye da yawancin 'yan uwanta.

Akwai abin da bai gyaru ba. Gefen gangar da saiwa ta shaƙe ya zauna a baje, kan bishiyar da ya bushe bai dawo ba, yanzu rassa biyu ne ke jagorancin sama maimakon ɗaya, siffarta ta ɗan karkata.

Tsohon gurbin

Saura abin da za a dasa a tsohon gurbin. Mapul masu yagaggen ganye kamar gashin tsuntsu, irin su 'Crimson Queen' da 'Tamukeyama', ba su da wurin zama a gaban bangon yamma, ganyensu ya fi na 'Bloodgood' siranta. Wata ƙaramar itaciyar ado, Cotinus coggygria 'Royal Purple', tana son rana da zafi, ganyenta shunayya ne, amma ba ta jure ƙasa mai riƙe ruwa, haka ma Cercis canadensis 'Forest Pansy'. Su biyun kuma Verticillium yana kama su, don haka da gwajin ya nuna cutar da sun fita daga lissafi tare da duk wata mapul, sai a koma ga itatuwan da aka san suna jure mata, kamar Crataegus da Betula da Ginkgo.

An zaɓi Amelanchier lamarckii, ƙaramar bishiya mai fitar da sabon ganye launin jan ƙarfe tare da fararen furanni, wanda ke komawa ja da ruwan lemo a kaka, kuma ta fi haƙuri da ƙasa mai laima. Kafin a dasa ta sai da aka kwashe tsakuwar da takin tsohon ramin, aka mayar da yumɓun wurin aka danne, aka bar shi ya zauna tsawon hunturu, sannan aka yi mata nata tudun mita biyu da rabi daga bango.